Lambu a Kan Juji: Waiwaye Kan Inuwar Alƙahira

A shekarar 1994 na fara sa ƙafa a Alƙahira, ina saurayi, da akwatin ƙarfe guda da takardar shiga Azhar. Tun muna gida an cika mana kunne da labarin kogin Nilu, saboda haka na zo da zaton zan tarar da gari kore shar. Abin da na tarar gari ne mai launin ƙasa. Gine-ginen launin ƙasa, sararin sama launin ƙasa, har ganyen 'yan itatuwan bakin titi ƙura ta yi musu lulluɓi. An sauke mu a masaukin ɗalibai baƙi da ke Abbasiyya, wanda kowa ke kira Bu'us, kuma daga nan muke bin titin Salah Salim kullum safiya zuwa karatu.

Kafin mota ta karya kwana ta gangara wajen masallacin Azhar, akwai wani tudu da ke tsayawa a gabanka. Ranar farko, wani babban ɗalibi ɗan Zariya da aka haɗa ni da shi ya taɓa ni ya ce, "Malam ƙarami, toshe hancinka, mun iso Darrasa." Na leƙa ta taga. Tudu ne na toka da ɓaraguzai da fasassun tukwane, hayaƙi na tashi nan da can inda shara ke cin wuta a hankali, karnuka na kwance a gindinsa. Idan iskar hamsin ta taso a bazara, ƙurar tudun nan ce ke sauka a kan unguwannin da ke ƙasa, ta shiga wuyan riga, ta shiga tsakanin haƙora. Farar jallabiyar da ka sa da safe, kafin azahar ta koma ruwan ƙasa a wuya da hannu. A ɗaya gefen titin kuma maƙabartar Mamalik ce, tsofaffin masu mulkin Masar, da ƙubbobinta, da mutanen da ke zaune a cikinta da iyalansu, dutsen Muƙaɗɗam yana bayansu tsirara, ko ciyawa babu.

Daga baya na san cewa tudun ba halittar Allah ba ne, hannun mutane ne ya tara shi. Shekara wajen 500 mutanen birni suna fitar da shara da ɓaraguzan rusassun gidaje suna zubarwa a bayan ganuwa ta gabas, har juji ya haɗiye ganuwar kanta, aka manta da ita.

Wanda ya taso a ƙasar Hausa yana da wuya ya gane ƙimar itace a irin wannan gari. Mu a gida, ko a busasshen wuri, damina na zuwa ta yi aikinta. Tsuntsu ya yar da ƙwallon darbejiya a bayan katanga, bayan shekara uku ka ga akuya na kwance a inuwarta, ba wanda ya san ranar da ta tsiro. Alƙahira kuwa ruwan saman da take samu a shekara bai wuce milimita 25 ba, abin da hadari ɗaya na watan Agusta ke zubarwa a Kano kafin a idar da sallar isha'i. Duk wani koren ganye da ka gani a birnin, daga Nilu ruwansa ya fito, kuma akwai wani mutum da ya tsaya da tiyo a hannu ya ba shi. Ranar da mutumin ya daina zuwa, ranar itacen ya fara mutuwa. Na daɗe kafin wannan ya zauna mini a kai.

A shekarata ta biyu kewar gida ta kama ni sosai, irin wadda ba ta jin magani. Wani abokin ɗakina ɗan Damagaram ne ya ce mu je Giza, akwai wani lambu kusa da Jami'ar Alƙahira da ake kira Orman. Kalmar ta Turkanci ce, ma'anarta daji. An kafa shi a 1875, zamanin Khidiwi Isma'il mai mulkin Masar, kuma abin da ya rage na filinsa faddan 28 ne, faddan ɗaya kuwa ya ɗan ɗara eka. Muka biya 'yan sulalla muka shiga. Ban manta da abin da ya fara dukana ba: sanyi. Taku goma daga ƙofa, ƙarar motoci ta ja baya, iska ta canja ƙamshi, ta koma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na bakin rafi da sassafe. Akwai kududdufi cike da bado, da ciyawar bardi wadda mutanen zamanin Fir'auna suke yin takarda da ita. Akwai kurmin gora mai tsayi yana ƙara idan iska ta kaɗa, da wani sashe na duwatsu da aka shuka tsirran hamada masu ƙaya, masu kama da ƙyarana da tinya. Itatuwa da yawa an kafa musu ƙaramin allo da sunansu da ƙasar da aka ɗauko su, wannan daga Indiya, wancan daga Kudancin Amurka.

Ni dai abin da ya tsayar da ni wani tsohon ɓaure ne. Misirawa suna ce masa gummaiz. Na ɗauki 'ya'yansa guda da ya faɗo, na ɓare, na ga 'yan ƙwayoyin nan na ciki, sai ga ƙofar gidan kakata a idona, da ɓauren da muke hawa ana kora mu. Na zauna a gindinsa da littafin nahawu a cinya, ban buɗe ba har aka kira la'asar. Daga ranar, duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato, can nake zuwa yin hadda. Ba ni kaɗai ba ne. Za ka ga ɗalibai suna kai da komo a ƙarƙashin itatuwa, kowa da littafi a fuska yana motsa baki.

Ranar da na ga abin da lambu yake nufi ga talakan Masar ita ce ranar Shammun Nasim, bikin shigowar bazara da suke yi ranar Litinin da ke bin Istar Kibɗawa, Musulmi da Kirista baki ɗaya. Tun da hantsi gari ke fitowa. Orman da gidan namun dajin da ke daura da shi, wanda aka buɗe a 1891, suna cika har babu masaka tsinke. Iyali za su shimfiɗa bargo, uwa ta kwance ƙunshin fasikh, wato kifin nan mai gishiri da wari, da ɗanyar albasa da latas da dafaffen ƙwai mai launi. Wanda bai sami wuri a lambu ba sai ya shimfiɗa nasa a 'yar ciyawar tsakiyar titi, motoci na wucewa dama da hagu, yara na wasa. Da farko abin ya ba ni mamaki. Da na shiga gidajen da suke fitowa, ɗaki biyu mutum takwas, hawa na shida, taga na kallon bangon maƙwabci, sai na daina mamaki. An taɓa yin wani ƙiyasi a wancan zamani cewa idan aka raba koren filin Alƙahira ga mazaunanta, rabon kowa bai fi sawun ƙafarsa ba.

Akwai wani lambun da muka sani ba don itatuwansa ba, wato Azbakiyya. Mu wajen tsofaffin littattafai muka san shi, domin a jikin shingensa 'yan kasuwar littafi suka kafa rumfunansu, kuma duk ɗalibin da kuɗinsa bai kai sabon bugu ba can yake nufa. Sai da wani tsoho mai rumfa ya ga ina leƙen abin da ke bayan shingen ya ce mini, "Ɗana, da ka zo zamanin ubana da ka ga aljannar duniya." Asalin wurin tafki ne da ke cika idan Nilu ya yi ambaliya, kuma sunan ya samo asali daga Amir Azbak, wani kwamandan Mamalik na ƙarni na 15 da ya gina fadarsa a bakinsa. Khidiwi Isma'il ya je baje kolin Faris a 1867, ya ga lambunan birnin, ya dawo da niyyar sai Alƙahira ta yi kama da su. Ya ɗauko Barillet-Deschamps, babban mai kula da lambunan Faris, aka tsara Azbakiyya aka buɗe a 1872, faddan 20, da tafki da gada da kogon dutse na ado da itatuwan ƙasashe masu nisa. A gefensa aka gina gidan opera a 1869, shekarar da aka buɗe mashigin Suwais.

Ba rana ɗaya aka kashe Azbakiyya ba, kuma ba wanda ya taɓa fitowa ya ce zai kashe shi. A shekarun 1950 aka ratsa titi ta tsakiyarsa. Aka yanki gefe aka yi gini, aka yanki wani gefen. Gidan opera ya ƙone a 1971, aka maye gurbinsa da benen ajiye motoci. Aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya zo ya ci nasa rabon. Kowane yanka da hujjarsa, kuma kowace hujja idan ka saurare ta ita kaɗai za ka ce gaskiya ne. Lokacin da na san shi, abin da ya saura 'yan manyan itatuwa ne tsaye cikin hayaƙin motocin dandalin Ataba. Ba na cikin masu yi wa Isma'il kuka, domin bashin da ya ciwo na irin waɗannan ayyuka na cikin abin da ya sa aka tuɓe shi a 1879, Ingila ta mamaye ƙasar a 1882. Amma itatuwan da ya sa aka dasa sun fi shekara ɗari suna yi wa jikokin waɗanda suka biya bashin inuwa, kuma da an bar su da sun ci gaba.

Na gama karatu na koma gida a 2000. A lokacin an riga an kewaye tudun Darrasa, manyan motoci na shiga suna fita, ana cewa wai lambu za a yi. Ba mu yarda ba. Wa zai shuka fure a kan toka?

Sai a 2009 na sake komawa, kuma gani ya kori ji. Labarin ya faro ne tun 1984, lokacin da Aga Khan na huɗu, shugaban mabiya Isma'iliyya, ya zo Alƙahira wani taro kan yadda birnin ke bunƙasa, ya yi alkawarin ba shi kyautar lambu. Kakanninsa Faɗimiyyawa ne suka kafa birnin a 969, su ne kuma suka gina masallacin Azhar. Aka duba ko'ina babu fili a tsakiyar gari sai jujin nan mai hekta 30. Aikin ya daɗe, domin a farkon shekarun 1990 hukuma ta gina manyan tankunan ruwan sha guda uku a cikin tudun, kowanne faɗinsa mita 80, dole aka sake tsarin lambun ya hau kansu. An kwashe ƙasa da ɓaraguzai lodin tifa kimanin 80,000. An kashe fiye da dala miliyan 30. An dasa tsirrai sama da 650,000, bayan an yi shekaru ana gwada su a wuraren reno don a ga wanda zai jure. A watan Maris na 2005 aka buɗe shi da sunan Lambun Azhar. Na san da yawa daga cikinmu da muka yi karatu a can muna da saɓanin aƙida mai zurfi da mutumin da ya ba da kuɗin, ni ma ina da shi. Wannan bai hana ni faɗin abin da idona ya gani ba: aiki ne na alheri, kuma an yi shi da kyau.

Na shiga bayan la'asar. Doguwar hanya ce ta dutse, dogayen itatuwa masu kama da dabino jere dama da hagu, ruwa na gudu a wata siririyar magudana a tsakiya, kuma an daidaita hanyar ta yadda idan ka ɗaga kai, ƙubbar masallacin Muhammad Ali da ke kan ƙal'a, wato sansanin Salahuddini, ce a gabanka. Na tsaya ina neman inda karnukan nan suke kwanciya, na kasa ganewa. A wani gangare na tarar da wani dattijo ma'aikacin lambu ya durƙusa yana gyara bakin siririn tiyon da ke ɗiga ruwa a gindin tsirrai. Na yi masa sallama, na ce na san wurin nan tun yana juji. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "To kai ɗan gari ne, ya Shaikh." Ya tona ƙasa da yatsa ya ɗebo ya nuna mini baƙa ce mai laushi, ya ce wannan kawo ta aka yi, ta asalin tana ƙasa, gishiri ne da ita kamar kanwa, idan saiwa ta kai gare ta sai ganye ya ƙone daga baki. Ya ce shi ya sa ba a malala ruwa a gangaren, ɗigo-ɗigo ake ba shi. Hannunsa duk ya tsattsage. Na tambaye shi ko 'ya'yansa na zuwa. Ya ce ranar Idi.

Abin da ya fi burge ni a ƙasan gangaren yamma yake. Da aka yi ta kwashe juji, sai ga ganuwar Ayyubawa ta fito, wadda Salahuddini ya sa aka fara ginawa a 1176, tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, da hasumiyoyinta da ƙofofinta da ramukan 'yan baka. Sharar da ta binne ta ita ce ta adana ta. Masu aikin ba su tsaya a ganuwa ba, suka shiga unguwar Darbul Ahmar da ke jingine da ita, unguwar talakawa masu sana'ar hannu, suka gyara gidaje, suka koya wa matasa sassaƙar dutse da kafinta, suka tayar da hasumiyar masallacin Ummu Sulɗan Sha'aban da ginin Khayir Bak. Ina kan tudun aka kira magariba. Daga masallatai ɗaruruwa kiran ya taso lokaci guda, daga ƙasa yake hawowa, rana na faɗawa bayan hasumiyoyin masallacin Sulɗan Hasan. Na yi shekara shida a birnin ban taɓa jin sa haka ba, domin a da babu inda mutum zai tsaya ya ji.

Da zan fita na ga abin da ya rage mini daɗin. Wani magidanci da matarsa da yara biyar suna tsaye a gefen tagar sayar da tikiti, yana ƙirga kuɗi a tafin hannu, ya sake ƙirgawa. Ƙaramar cikinsu ta riƙe ƙarfen shinge tana leƙen maɓuɓɓugar ruwa. Na fahimci dalilin kuɗin shiga. Da shi ake biyan irin dattijon nan, kuma na ga yadda lambunan da ba su da mai kula suke komawa. Duk da haka hoton yarinyar bai bar ni ba.

Zuwana na ƙarshe a ƙarshen 2023 ne, na je duba ɗan ƙanwata da ke karatu a Azhar, yana zaune a unguwar Madinatu Nasr kamar yawancin yaranmu na yanzu. Na ce ya kai ni Orman in gaida ɓaurena. Ya ce, "Kawu, ai a rufe yake." An rufe shi tare da gidan namun daji tun tsakiyar shekarar don gyara, har baje kolin furannin bazara da aka saba yi a cikinsa shekara da shekaru an mai da shi wani wuri. Na leƙa ta shinge, ban hango komai ba. Ina fatan gyaran ya zama gyara, kuma ɗalibi mai 'yan sulalla ya iya shiga kamar yadda na shiga.

Muka bi ta Misrul Jadida, unguwar da a zamaninmu ake zuwa don kawai a yi tafiya a inuwa, titunanta masu faɗi da tsibirin itatuwa a tsakiya da layin tarago. Ban gane ta ba. Tsakanin 2019 da 2020 an faɗaɗa tituna an gina gadojin sama, kuma mazauna unguwar da suka bi suka ƙirga sun ce an sare itatuwa fiye da dubu biyu. A can gefen Darrasa, wani sashe na tsohuwar maƙabartar Mamalik ma hanya ta bi ta kansa. Ba zan ce babu buƙatar hanya ba. Birnin da ya haura mutum miliyan 20, wanda na sha kwashe awa biyu a cunkosonsa, dole a nema masa mafita, kuma yanzu mota na gudu. Amma mun tsaya jiran bas da azahar a wani titi mai layi shida, mu kusan goma sha biyar, da wata tsohuwa mai sanda, duk mun takure a 'yar siririyar inuwar turken fitila muna matsawa tana matsawa. Wannan a watan sanyi ke nan. Na tambayi yaron yadda suke yi a watan Yuli. Ya ce, "Kawu, ƙarƙashin gada muke tsayawa."

A can gabas, kilomita kusan 45 cikin hamada, ana gina sabon babban birni, da wani dogon lambu a tsakiyarsa da suka sa wa suna Koren Kogi, wanda aka tsara zai kai kilomita 35. Na ga hotunansa, yana da kyau. Sai dai ga tsohuwar nan mai sanda, inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Kuma ina tambayar kaina ruwan da zai sha. Rabon Masar daga Nilu a yarjejeniyar 1959 mita kubik biliyan 55.5 ne a shekara, bai ƙaru ba, jama'a kuwa sun ninka fiye da sau uku. Shimfiɗar ciyawa irin ta Turai a cikin rairayi rijiya ce marar gindi. Ɓaure da kurna da bagaruwa da dabino, waɗanda ƙasar ta san su tun zamanin Fir'auna, sun fi ta haƙuri da ƙishi nesa ba kusa ba, kuma su ne ke ba da inuwar da mutum zai zauna.

A ganina Alƙahira ta iya yin babban lambu, ta nuna wa duniya haka a Darrasa. Inda take asara shi ne itacen bakin titi, wanda ba shi da ƙofa ba shi da tikiti, wanda mai gyaran takalmi ke kafa akwatinsa a gindinsa, mai jiran mota ya jingina da shi. Lambu sau ɗaya ko biyu a shekara talaka ke zuwa, da sabbin kaya. Itacen ƙofar gida kullum yake tare da shi. Idan aka sare mai shekara hamsin aka dasa ɗan tsiro a tukunyar siminti, a takarda lissafi ya daidaita, amma wanda ke tsaye a rana sai ya jira wata shekara hamsin.

Aga Khan ya rasu a watan Fabrairun 2025, aka binne shi a Aswan, a bakin Nilu. Lambun da ya bari yana nan. Idan Allah ya kai ka Alƙahira, karatu ko neman magani ko kasuwanci, ka ware yammaci ɗaya, ba ranar Juma'a ba don cunkoso. Ka shiga ta ƙofar titin Salah Salim bayan la'asar, ka gangara ka dafa ganuwar Salahuddini da hannunka, sannan ka hau tudu ka jira magariba. In ka ga masu tiyo a hannu, ka tsaya ka yi musu sannu da aiki.